Ni na ƙi biya wa ƙanina tara

Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, kuma tunda a unguwarmu kowa da irin yadda yake bada labarin, wani yace rashin imani ne wani yace dama can ina baƙin ciki da yaron, to gara in faɗa da bakina kowa ya ji. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, kotu ta yanke masa ɗauri da zaɓin biyan tara, ina da hanyar da zan nemo kuɗin amma na ƙi nema, ya tafi gidan yari. Ba zan kama sunan kowa ba dan ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta, yace Yaya rubuta kawai ƙila wani ya amfana.

Mu 'yan cikin birnin Zariya ne, gadon gidanmu ɗinkin hannu, aikin babbar riga su aska biyu su aska takwas, da shi kakanmu ya riƙe gida da shi Baba ya rene mu. Baba ya rasu 2015 Allah Ya jiƙansa, ni ne babba, mata huɗu a tsakiya, sai Auta. Abin da ya bari gidan da muke ciki ne da gona ɗaya a hanyar Jos wajen Dakace. Auta tun yana ƙarami kansa na ja, lissafin da ni sai na nemi biro shi a ka yake yinsa, amma allura kam ya ƙi ta, yace tana cin ido kuma wa ke saka babbar riga yanzu in ba sallah ko ɗaurin aure ba. Ban matsa masa ba dan sana'a ba a yi wa mutum dole. Da ya gama sakandare na kai shi wurin wani Alhaji abokin Baba mai saida taki da maganin feshi da iri a Sabon Gari, ba a yi shekara biyu ba Alhaji ya damƙa masa makullin sito da littafin shago, duk inda muka haɗu sai yace min ai kai ɗa ka kawo min ba yaron shago ba.

Wanda bai san harkar taki ba sai na ɗan yi masa bayani kafin ya gane girman abin da ya faru. Manoman ƙauyukan da ke zagaye da mu, na wajen Giwa da Soba da Kudan da Maƙarfi, in kaka ta yi sun saida masara ko barkono ko rake, da yawansu basa yarda kuɗin ya kwana a gida, dan in ya zauna biki da suna da jinya zasu cinye shi kafin ruwa ya sauka. Sai mutum ya kawo wa dila kuɗinsa tun Janairu ko Fabrairu, a rubuta masa buhu kaza na takin kamfa buhu kaza na takin yuriya, a bashi rasit ya ninke ya ɓoye, sai damina ta faɗi ya zo ya ɗauki kayansa. Wasunsu ko karanta rasit ɗin basu iya ba, amana ce kaɗai ke riƙe da harkar.

Cacar ƙwallo ce ta shiga rayuwar Auta. Daga gidan kallo aka fara, naira ɗari naira ɗari biyu a waya ana dariya, sai rannan ya ci wani kuɗi mai ɗan kauri ya sai babbar waya, to daga nan ne abu ya lalace. Kullum zancensa ɗaya ne, wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, saura kaɗan, gobe zai mayar. Keken ɗinkin ƙanwarmu ya ɓace a gida aka gano shi ya kai kasuwa, Inna ta saida 'yan kunnenta ta sai wani tace a rufa asiri. Kuɗin adashin matan unguwa da ke hannunta ya yi ƙafa, ta saida awakinta ta cike. Duk sanda na buɗe baki sai a ce na cika zafi, yaro ne zai daina, alhali yaron nan lokacin ya haura ashirin da biyar, gemu cike da fuska.

Sai 2022 ta zo, aka fara yaƙin Rasha da Yukiren, taki ya yi tashin da bamu taɓa gani ba, buhu ya haura dubu ashirin. Ruwa na sauka manoma suka fara zuwa shago da rasit a hannu, Alhaji ya buɗe littafi babu sunansu. Mutum ɗaya, biyu, kafin sati ya zagayo an haura mutum goma sha. Ashe Auta wani littafin rasit ya sa aka buga masa daban mai sunan shagon, in baƙauye ya kawo kuɗi Alhaji baya nan sai ya rubuta masa a wannan ya zuba kuɗin a akawun ɗinsa. Da aka haɗa lissafi abin ya wuce miliyan uku, kuma ko sisi bai rage ba, duk ya bi waya.

Cikin mutanen akwai wani dattijo daga wani ƙauye gaba da Giwa, shi ne har gobe in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya saida ya kawo kuɗin. Ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu, ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa sai da ya faɗi abin da ke tafe da shi, kuma wallahi ko ɗaga murya bai yi ba. Yace ɗana ni ba faɗa na zo yi ba, masarata ta kai gwiwa ta fara ja, in ba a sa mata taki cikin satin nan ba shikenan bana babu ni, kuma mutum goma sha ɗaya nake ciyarwa. Nace Baba kayi haƙuri, ban ma san me zan ƙara ba. Kuɗin da nake tarawa dan gyaran rufin ɗakin Inna na ɗauko na sai masa buhu biyu, shi kuma na buhu takwas ya biya. Alhaji ma ya yi iya ƙoƙarinsa ya ba wasu daga sito dan ya tsare sunansa, amma bai iya ɗaukar kowa ba, ya kai ƙara, aka zo aka tafi da Auta.

A gida kuma kowa ya samo wanda zai ɗora wa laifin banda mai laifin. Inna tace asiri aka yi masa, yaran shagon ne ke baƙin cikin an bashi makulli. Gwaggonmu ta shiga neman rubutun sha da hayaƙi tana aikawa caji ofis. Kawu yace ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta wa bawa baya wuce shi. Shi kuma Auta da na je ganinsa ya riƙe ƙarfe yana kuka yana cewa Yaya wallahi sharrin Shaiɗan ne, ban san sanda nake yi ba. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya shi kuma ya ja ni gefe yace likitoci yanzu suna lissafa jarabar caca cikin cututtuka kamar shaye-shaye, mutum na so ya bari ya kasa. Maganarsa ta shige ni sosai, na kwana ina juyata, dan in da gaske ƙanina bai san abin da yake yi ba to kai shi kotu zalunci ne, asibiti ya kamata a kai shi.

Abin da ya warware min shi ne ranar da muka zauna da Alhaji muka baje littafin gaskiya da na ƙarya muna bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai manyan kwastomomi a shagon, masu gonaki da ma'aikata daga Samaru da ke sayen buhu hamsin buhu ɗari, kuɗinsu ya ninka na ƙauyawan nan sau nawa, kuma ta hannun Auta yake bi. Ko naira ɗaya bai taɓa a nasu ba. Saboda me? Saboda su suna da lambar Alhaji, suna tiransfa su kira su tabbatar, in an taɓa su gobe da safe magana zata tashi. Wanda ya zaɓa su ne tsofaffin da basu iya karatu ba, masu zuwa da kuɗi a ɗaure cikin leda, wanda ya san ba zasu dawo ba sai bayan wata huɗu. Ya zaɓi ranakun da Alhaji ke tafiya Kano sari. Ya je ya biya mai buga takardu ya yi masa rasit. Dan Allah jama'a wanda bai san abin da yake yi ba haka yake tsara abu? Na yarda jarabar tana jansa, ban musa wa maƙwabcinmu ba, amma duk da jan da take masa hankalinsa na nan da zai tantance wanda zai iya cuta ya kwana lafiya da wanda ba zai iya ba. Hankalin da ya hana shi taɓa kuɗin mai ƙarfi, da ya so da ya hana shi taɓa na mai rauni.

Da wannan na tafi wurin malaminmu da muke ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba, na jira kowa ya watse nace Allah gafarta Malam ga abin da ke damuna, a gida an ce ƙaddara ce. Malam yace babu shakka komai da sanin Allah da ƙaddarawarsa yake faruwa, amma malamai sun ce ana fakewa da ƙaddara ne a kan musibar da ta faɗo maka, ba a kan laifin da ka aikata da hannunka ba. Yace yanzu in wani ya tsinka wa kawun naka mari a kasuwa yace masa ƙaddara ce, zai ce to madalla ya wuce? Manomin da aka cinye wa kuɗi shi ne zai ce ƙaddara ya yi haƙuri ya samu lada, wanda ya ci kuɗin tuba ce tasa da biya. Ya karanto min aya ta 22 a Suratu Ibrahim inda Shaiɗan da kansa ranar ƙiyama zai ce wa mabiyansa ni bani da wani iko a kanku, kiranku kawai na yi kuka amsa min, kar ku zarge ni ku zargi kanku. Sannan yace mutum uku aka ɗauke wa alƙalami, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke, a cikin ukun nan wanne ne ƙaninka? Na yi shiru. Amma kafin in tashi ya riƙe hannuna yace ka ji ni da kyau, barinsa ya ɗauki hukuncinsa daban, yar da shi daban, kuma duk abin da mahaifiyarka zata faɗa maka ka sunkuyar da kai kar ka mayar mata ko kalma ɗaya.

Maganar biyan mutane ita na fara sa wa gaba dan haƙƙi baya jira. Wasu a dangi suka ce a saida gonar Dakace gaba ɗaya, nace ba za a taɓa rabon 'yan mata ba, su me suka yi? Aka kira masu rabon gado aka fitar wa Inna tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran aka kasa takwas, mu maza bibbiyu mata ɗai-ɗai, aka auna kason Auta aka saida wa wani mai yanka filaye, shi da kansa ya sa hannu. Da kuɗin aka sallami manoma, na Alhaji ya rage ba a gama ba. Amma fa ku sani mayar da kuɗin bai mayar da abin da aka rasa ba, wanda ya biya kuɗin buhu goma a Fabrairu ranar da aka bashi kuɗinsa ko shida ba zai saya ba, kuma damina ta riga ta yi nisa. Dattijon nan bai iya maida sansa ba, shekarar da ta biyo hayar huɗa ya yi.

A kotun majistare Auta bai wahalar da kowa ba ya amsa laifinsa na cin amana da zamba. Alƙali ya duba cewa an biya mafi yawan kuɗin kuma bai taɓa zuwa gabansa ba, ya yanke masa shekara ɗaya da rabi ko tarar dubu ɗari uku, sannan ya cika wa Alhaji saura. Muna fitowa kowa ya juyo yana kallona, dan an san a gidan ni kaɗai ne in na shiga kasuwa zan iya ranto wannan kuɗin.

Da daddare aka taru a ɗakin Inna. Kawu ya yi ta magana, yace kai ne uba yanzu, hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, me mutane zasu ce ɗan gidan nan a gidan yari saboda dubu ɗari uku. Nace Kawu kuyi haƙuri ba zan biya ba. Ku da kuka san al'adarmu kun san uwa bata kiran sunan ɗan fari, tunda nake a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, Babban gida take ce min ko tace kai wannan. Daren nan ta kira sunana gatsal har sau biyu, tace ashe haka zuciyarka take, ashe zan haifi wanda zai ɗaure min ɗa ina raye. Na tuna maganar Malam na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, amma ban canja ba.

Dalilina kuwa har yau shi ne dai. In na ranto kuɗin nan na biya, wa aka hukunta? Ni aka hukunta da matata da 'ya'yana da zamu yi shekara muna biyan bashi, shi kuma ya dawo gida ya yi wanka ya ci tuwo, ya ƙara tabbatar da abin da ya riga ya koya tun daga keken ɗinki, cewa shi zai zaɓa wani ya ɗauki sakamakon. An hukunta Inna da 'yan kunnenta da awakinta, an hukunta dattijo da sansa, an hukunta yaran da suka ci rabin ƙoshi a wani ƙauye da bai taɓa takawa ba, mutum ɗaya ne tak a duk labarin nan abin bai taɓa fatar jikinsa ba, shi ne wanda ya aikata. Allah Yace babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani, mu kuma a gidanmu mun shekara muna ɗaukar masa. Kuma duk wanda ya yi karatun hadisi ya san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, aka turo Usama ɗan Zaid ya roƙa mata, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi yace abin da ya halaka na gabanku kenan, in babba ya yi sata su ƙyale shi in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Mu kullum muna kawo hadisin nan in muna zagin manya a Abuja, amma in abin ya zo kan ɗan ɗakinmu sai mu ce a rufa asiri.

Akwai kuma abin da ban iya faɗa a ɗakin Inna ba. Masu cewa asiri ne, ba yin kansa bane, suna ganin tausayinsa suke, ni kuma ina ganin raina shi suke. In ka ce mutum bashi da zaɓi a abin da ya yi jiya to ka ce bashi da zaɓi a abin da zai yi gobe, sai dai a zauna ana masa hayaƙi ana jira. Ni na ɗauki ƙanina cikakken mutum mai hankali wanda ya iya zaɓar ɓarna kuma zai iya zaɓar barinta, shi yasa na ga ya cancanci a tsayar da shi a tambaye shi kamar kowane baligi.

Nima zaɓin da na yi sai da na biya kuɗinsa. Inna ta daina amsa gaisuwata, in na durƙusa da safe sai ta juya fuska bango, cefanen da na aika sai a dawo min da shi, sai ta hannun ƙanwata nake bi in ce kar a faɗa mata daga ina ya fito. Wajen wata biyar muna haka. A masallacin unguwa akwai wanda ya daina bani hannu. Matata ma da ta goyi bayana rannan cikin dare tace Baban Ummi anya ba zaka nemo kuɗin nan ba ko dan Inna, wallahi daren nan ban runtsa ba, babu abin da ke tsorata ni kamar Inna ta rasu tana fushi da ni. Azumin 2023 ne Allah Ya sassauto da zuciyarta, na kai mata kunu da ƙosai da kaina ta karɓa tace Allah Ya yi albarka, iyakar abin da tace kenan amma ni ya ishe ni.

Ziyara kuwa ban yanke ba. Farkon zuwana ya ƙi fitowa, na bar masa garin kwaki da ƙuli da sabulu na dawo, na koma ya ƙi, haka na yi ta zuwa. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 da takardar naira ta ɓace a gari, mutane na kwana a layin banki a unguwar PZ, da ƙafa nake takawa in kai masa dan ba kuɗin abin hawa. Da ya fara fitowa baya kallona, ya rame ya yi baƙi ga ƙuraje a hannu, na dawo gida na rufe ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Sai wajen wata na shida ya buɗe baki da kansa, yace Yaya ka san me, a ɗakinmu kusan kowa in ka tambaye shi sai yace sharri aka masa ko tsautsayi ne, ina jinsu ina jin muryata, sai na ji kunya ta kama ni. Yace ni na san sanda nake yi, duk rasit ɗin da na rubuta sai da gabana ya faɗi kafin in rubuta, akwai ranar da tsohon nan ke kwance ledar kuɗinsa zuciyata tace min bari, na ƙi. Ya tambaye ni ya masarar tsohon ta yi, na gaya masa gaskiya.

Kar wani ya karanta wannan ya ɗauka ina cewa duk wanda ke gidan yari ya cancanci zamansa, wallahi a'a, zuwan da na riƙa yi ne ma ya buɗe min ido. Mafi yawan mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Auta ya nuna min wani yaro da aka kama kan kwanon shinkafa da 'yan kayan miya, zaman jiran da ya yi ya fi abin da za a yanke masa in an same shi da laifin, ba mai zuwa masa ba mai tsaya masa beli. Wannan ba hukunci bane, mantuwa aka yi da ɗan mutane. Sayyidina Umar a shekarar yunwa bai yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata ba, dan zaɓin mai jin yunwa da na mai ƙoshi ba ɗaya bane, kuma ƙanina da ƙoshinsa da albashinsa ya yi abin da ya yi. Haka shi kansa zaɓin tara, na san ɗan mai kuɗi zai yi wanda ya fi na Auta a biya masa ya kwana a gida ranar, wannan ma ciwo ne. Tun 2019 aka yi dokar da ta canja sunan gidajen yari zuwa gidan gyaran hali har aka sa hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, irin aikin yi wa al'umma hidima, da irinsa aka fi yawaita wa masu ƙananan laifi da yara da yawa basu shiga sun fito da sabon mugun hali ba. Hukuncin da nake karewa shi ne wanda ya sauka kan mai laifin da ya yi da saninsa, daidai girman laifin, kuma yana da ranar ƙarewa. Na Auta ya cika ukun nan. Yaron shinkafar kuwa da muka haɗa kai da wani lauya mai taimako aka samu aka fito da shi, ya koma wurin danginsa.

Auta ya fito ƙarshen 2023, dan ana rage wa mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku, shi yasa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Allurar da ya ƙi da can ita ya dawo ya ɗauka, yanzu tare muke zama a zaure, kuma hannunsa ya fi nawa sauri a zane. Shi da kansa yace baya son babbar waya, 'yar ƙarama mai tocila yake riƙewa, in aka biya kuɗin aiki ni ke karɓa in cire na Alhaji in bashi saura, shi ya nemi a yi haka. Ba zan ce muku ya zama waliyyi ba, yace min har yanzu in ya wuce gidan kallo ranar wasa sai ya ji abin na motsa masa, sai ya canja hanya. Na Alhaji saura kaɗan a gama, kuma da kansa ya hau mota ya je ƙauyen dattijon nan ya durƙusa ya nemi gafara, tsohon yace ya yafe duniya da lahira har ya bashi zabi biyu ya taho da su.

Abin da ke ɓata min rai yanzu masu son su ci gaba da hukunta shi bayan alƙali ya gama nasa. Rannan takalmi ya ɓace a masallaci wani ya kalle shi yace ai an san hali, wallahi sai da aka riƙe ni. Ya yi zamansa, ya saida gadonsa, yana biya, me kuma ya rage? Wanda yace ba zai bashi ajiyar kuɗi ba ban ga laifinsa ba, ko ni ban bashi ba tukuna, yarda sai a hankali take dawowa. Amma kiransa ɓarawo a gaban jama'a wannan babu wanda ya baka izini.

Bara ya nemi wata yarinya a Tudun Wada, magana ta yi nisa, mahaifinta ya yi bincike ya ji labari yace ya fasa. Auta ya kwana biyu baya cin abinci, nace masa kayi haƙuri, shi ma uban yana da damar ya zaɓa wa 'yarsa abin da hankalinsa ya kwanta da shi, ba zamu ƙullace shi ba. Inna ta yi kuka tace da na biya tarar da ba a kai ga haka ba, ban ce mata komai ba. Yanzu mijin ƙanwarmu ya yi masa hanyar wata 'yar uwarsa a Gyallesu, yarinyar ta san komai kuma ta amince, saura iyaye. Kawu yace in mun je a yi shiru da maganar sai in sun tambaya, Auta yace a'a Kawu, ni zan faɗa wa mahaifinta da bakina tun a zaman farko, in ya bani ya bani da saninsa in ya hana shikenan. Mun tsayar ranar Asabar bayan la'asar zamu je, ni da shi da Kawu, ku sa mu a addu'a.